Dashen Haƙori Bayan Rauni: Yaushe Gwamnatin Ingila Ke Biya?

Duk wanda haɗari ya ɗauke wa haƙorin gaba a Ingila, abin da zai fara ji a bakin mutane shi ne NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, ba ta biyan kuɗin dashe. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Ana biya wa wasu, kuma waɗanda suka rasa haƙora sanadiyyar rauni suna cikin waɗanda ake dubawa. Sai dai ƙofar ƙarama ce, kuma da yawa cikin 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a can ba su san ta inda ake ƙwanƙwasa ta ba.

Shi dashe, ɗan sukuru ne na ƙarfen taitaniyam da ake nutsawa cikin ƙashin muƙamuƙi a gurbin saiwar da ta tafi. Ana barin sa wata uku zuwa shida har ƙashi ya kama shi gam, sannan a ɗora masa kan haƙori. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe, ya kuma yi wa mutum na farko aikin a 1965. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi: a asibitin kuɗi, haƙori guda yakan kai fam 2,000 ko fiye. Haƙorin roba kuwa, ko wanda ake jinginawa da maƙwabtansa, a ƙarƙashin NHS fam 326.70 ne a farashin Afrilun 2025. Wannan ratar ce ta sa hukuma ba ta sakin hannu.

A 2019 Kwalejin Likitocin Tiyata ta Ingila ta sabunta ƙa'idojin waɗanda suka cancanci dashe da kuɗin gwamnati. Akwai waɗanda aka haifa da ƙarancin haƙora ko tsagaggen leɓe da ganɗa, da waɗanda aka yanke wa wani sashe na muƙamuƙi saboda ciwon daji, da waɗanda bakinsu ya ƙi karɓar haƙorin roba duk yadda aka yi, sai masu rauni. To amma shiga rukunin masu rauni ba shi ne samun dashe ba. Tambayar da babban likita zai yi wa kansa ita ce: shin babu wata hanya mai sauƙi da za ta toshe wannan giɓi? Wanda ya rasa haƙori guda, na gefensa kuma lafiya lau, ana iya ce masa ya karɓi na jingina. Wanda mota ta kwashe wa haƙora huɗu a jere har da ƙashi, hujjarsa ta fi ƙarfi nesa.

Ɗauki matashi mai kai saƙon abinci a keke, ya zame a ruwan sama ya daki gefen titi da baki. Ya tashi da haƙori a tafin hannu, jini ya cika masa baki. A wannan sa'ar, in haƙorin bai karye ba, ana iya ceton sa: a riƙe shi ta kai, ban da saiwa, a ɗauraye shi da madara ba tare da gogewa ba, a mayar da shi gurbinsa ko a jefa shi cikin kofin madara, a garzaya wurin likita. Haƙorin jarirtaka kuwa ba a mayarwa. In kuma haƙorin matashin ya tafi ke nan, to wannan zuwa asibitin na ranar farko shi ne zai yi masa shaida nan gaba: rana da lokaci a rubuce, hoton ƙashi, bayanin yadda abin ya faru. Wanda ya kurkure baki da ruwan gishiri ya kwanta a ɗaki, ya fito bayan shekara yana cewa haɗari ne, da me zai nuna ba ruɓewa ce ta ci haƙorin ba? Ga shi kuma ƙashin da babu saiwa a cikinsa zaizayewa yake yi, har ta kai sai an yi ƙarin ƙashi kafin dashe.

Mara lafiya ba ya kai kansa. Likitan haƙorinka ne zai rubuta takardar tura ka wurin ƙwararre a asibitin gwamnati, can ne za a yanke hukunci, kuma layin yana da tsawo. A nan ne mutane da dama ke faɗuwa kan abin da yake hannunsu. Mai shan taba da wuya a ɗauke shi, domin hayaƙi yana hana ƙashi da dasashi warkewa. Haka mai ciwon sugar da bai daidaita ba, da mai ciwon dasashi, da wanda kogo ya cika masa baki. A ganina babu zalunci a wannan sharaɗi. Dashen da aka kafa a baki mara lafiya ba ya daɗewa. Yaro kuma sai ya jira muƙamuƙinsa ya gama girma, wajen shekara 18 ko sama, kafin nan a riƙe masa gurbin da na wucin gadi.

In an ƙi ka, nemi dalilin a rubuce, ka tambayi likitanka ko akwai damar shigar da buƙata ta musamman gaban hukumar lafiyar yankinku. Kada kuma ka manta da wanda ya jawo raunin. In direba ne, inshorarsa tana iya ɗaukar kuɗin aikin, kuma galibi shekara uku doka ta ba ka ka shigar da ƙara. In duka aka yi maka, akwai hukumar biyan diyya ta CICA, amma sai ka kai rahoto wurin 'yan sanda da wuri, ka kuma nema cikin shekara biyu. Saboda haka, ɗan'uwa, ka adana kowace takarda da kowane hoto tun daga ranar farko, in kuma kana shan taba, ka ajiye ta tun kafin a kira ka.