Lissafin Matuƙan Jirgin Ruwa, Daga Dam ɗin Kazaure Zuwa Bahar Maliya

Masuncin da ke tuƙa kwalekwale a dam ɗin Kazaure ba ya ɓata, domin ko ina ya juya ga dutse ga gaɓa. Matuƙin da ke tsakiyar teku kuwa ruwa ne gabansa, ruwa bayansa, ba kwatance sai lissafi. Ga kaɗan daga abubuwan mamakin da ke cikin wannan lissafi.

Mil ɗin teku ya fi na tudu tsawo: mita 1,852 ne, kuma a 1929 aka tsayar da shi a wani taro a Monako. Daga jikin duniya aka ciro shi. An raba kowace digiri gida 60, to in ka matsa arewa ko kudu da gida ɗaya, ka yi mil ɗaya ke nan. Kazaure tana kan digiri 12 da kusan gida 39 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kano tana kan 12 cif. Ba sai ka hau mota ba, ka san tsakaninsu kimanin mil 39 ne na teku, wato wajen kilomita 72 in an miƙe.

Da igiya da rairayi ake auna gudun jirgi a da. A ɗaura wani ɗan katako a bakin igiya, a jefa shi a ruwa ta bayan jirgi, igiyar na da ƙulli a kowace mita 14 da 'yan kai. Wani na riƙe da kwalbar rairayi mai tsiyayewa cikin daƙiƙa 28, wani na ƙirga ƙullin da ke sulluɓewa ta tafin hannunsa. Ƙulli bakwai, mil bakwai a awa. Sai a haɗa gudun da awannin da aka yi da inda kamfas ya nuna, a ɗiga alama a taswira a ce nan muke. Iska da igiyar ruwa kuwa suna can suna ja da jirgin gefe, ba su shawarci kowa ba.

Da irin wannan kirdado aka taɓa ɗauke Kano daga mazauninta. Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila wanda a ƙasar Hausa aka sani da Abdullahi, ya shiga Kano a Janairun 1824. Matsayinta ta fuskar arewa da kudu ya auna shi da na'urar duba rana, ya samu digiri 12, daidai kamar yau aka auna. Ta fuskar gabas da yamma kuwa lissafin tafiya ya yi tun daga Kukawa, ya rubuta digiri 9 da gida 20, alhali 8 da gida 31 ne. Kuskuren kusan kilomita 90, ya kai Kano saitin Dutse! Da ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nemi ganin na'urar, aka kuma baje masa taswirar sama, sai ga shi yana lissafo buruji da taurari da sunayensu na Larabci. Baƙon ne ya sha mamaki.

Me ya sa ɗaya ta yi daidai ɗaya ta kauce? Arewa da kudu sama ce ke faɗa maka. Ka fita bayan gari a Gwiwa da daddare, ka miƙa hannu ka dunƙule shi a kan inda sama ta haɗu da ƙasa ta arewa: tauraron arewa zai tsaya sama da dunƙulen da kaɗan, digiri 12 da wani abu, wato matsayin garin ke nan. Matuƙan Larabawa irin su Ahmad bin Majid, a ƙarni na 15, da yatsu suke ƙirga tsayin tauraro, wasu kuma da ɗan allo mai zare da ake cizawa a haƙori.

Gabas da yamma kuwa sai da agogo. Duniya na juya digiri ɗaya a minti 4, shi ya sa rana ke faɗuwa a Babura kusan minti 3 kafin Roni. Mai azumi ya san darajar minti ukun nan. In kana da agogon da ke riƙe da lokacin gida, ka kwatanta shi da tsakar ranar inda kake, ka san nisanka. Matsalar ita ce agogon da zai jure girgizar teku da zafi da sanyi. A 1707 jirage 4 na yaƙin Ingila suka afka kan duwatsu a tsibiran Sili, mutum fiye da 1,400 suka halaka. A 1714 majalisar ƙasar ta sa ladan fam 20,000 ga duk wanda ya gano hanyar auna gabas da yamma a teku. Wani kafinta, John Harrison, ya shafe shekaru yana ƙera agogo, har wanda aka tafi da shi Jamaika a 1761 ya kauce da kusan daƙiƙa 5 kacal. Ladan kuwa sai da ya tsufa yana bibiya kafin a sallame shi.

Layin da ake fara ƙirgar gabas da yamma daga kansa ya ratsa ta Tema a Gana. Inda ya gicciya layin tsakiyar duniya, sifili da sifili, ruwa ne zalla, wajen kilomita 600 kudu da Akara.

Kuskuren digiri ɗaya a kamfas na kautar da jirgi mil ɗaya a kowane mil 60. Alhazan da, masu tafiyar ƙasa ta Sudan, kan tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, kilomita 300 da 'yan kai. Da matuƙi zai kauce da digiri 5, da sun sauka wajen kilomita 25 daga tashar, a gaɓar da ke cike da duwatsun murjani.

Alƙibla ma lissafinta na matuƙa ne. Mukan ce mun fuskanci gabas, amma daga Kazaure Ka'aba tana wajen digiri 69 daga arewa, wato gabas da karkata hagu da kusan digiri 21, a nisan kimanin kilomita 3,470. Abin mamakin, wanda ya bi hanya mafi kusa dole kamfas ɗinsa ya riƙa sauyawa a hankali zuwa gabas, don a kan ƙwallo yake tafiya. Wanda ya kafe a kan lamba ɗaya, wajen 74, shi ma zai isa, sai dai ya ɗan yi zagaye.

Yau wayar da ke aljihun ɗan acaɓa ta fi Clapperton sanin inda Kano take. Duk da haka, a 2015 makarantar horar da hafsoshin ruwa ta Amurka ta dawo da darasin gane hanya da taurari, saboda ana iya toshe saƙon tauraron ɗan Adam ko a gurɓata shi.