Wayar gida ta intanet: abin da ya kamata ka sani kafin ka haɗa

Wace irin waya ce?

Idan ka taɓa kiran ɗan'uwanka da ke Jidda ta WhatsApp, ka riga ka ɗanɗana ta. Masana suna kiranta VoIP, wato aika murya ta intanet. Na'ura ce ke yanyanka muryarka gutsi-gutsi, ta mai da ita data, ta tura, a can kuma a sake harhaɗa ta. Wadda muke magana a kanta tana da tata lambar, kuma tana iya kiran layukan waya na yau da kullum.

Me za ka tanada?

Intanet da rauta, wato ɗan akwatin da ke rarraba intanet ga na'urorin gida. Sai ka buɗe asusu a kamfanin da ke sayar da wannan hidima. Zai ba ka sunan shiga da kalmar sirri da adireshin kwamfutarsa mai haɗa kira. Wayar kuwa, kana iya sayen wadda aka ƙera don haka, irin ta Yealink ko Grandstream, ko ka sauke manhaja kamar Zoiper a kwamfutarka. In tsohuwar wayar tebur na nan a ajiye, kada ka yar da ita. Akwai ɗan akwati mai suna ATA da zai sada ta da rauta.

Yaya ake haɗawa?

Soka kebul daga wayar zuwa ɗaya daga cikin ramukan bayan rauta. Duba fuskar wayar, za ka ga adireshinta, wasu lambobi da galibi ke farawa da 192.168. Rubuta su a burauzar kwamfutarka, shafin saiti zai buɗe, sai ka cike bayanan nan uku da kamfani ya ba ka. Da ta nuna ta yi rajista, ɗaga ka gwada kira. Nan take ka canja kalmar sirrin da wayar ta zo da ita, domin ɓarayi kan shiga su yi ta kiran ƙasashen waje da kuɗin mai asusu.

Tana cin data sosai?

A'a. Tsarin da ake kira G.711 ba ya kai kilobit 100 a daƙiƙa a kowane ɓangare, wato kusan megabayit 80 ke nan a hirar awa guda. Kuɗin lamba da na minti kuwa ya danganta da kamfani, don haka ka tambaya tun da wuri.

To me ke sa murya tsinkewa?

Nan ne matsalar take. Kira ba ya neman intanet mai gudu sosai, mai ɗorewa yake so. Bidiyo zai iya tsayawa ya jira, hira ba ta jira: jinkirin da ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa kan sa ku fara katse juna. Saboda haka kebul ya fi Wi-Fi. Idan yara suna kallon YouTube muryarka na rawa, nemi QoS a saitin rauta ka kunna, shi ke ba kira fifiko. In kana jin mutum shi ba ya jin ka, gwada kashe abin da aka rubuta SIP ALG a saitin rautar.

Idan aka ɗauke wuta fa?

Wayar ta mutu tare da rauta, sai in kana da batir ko sola. Kuma ba kowane kamfani ke kai kira ga lambar gaggawa ta 112 ba, don haka ka bar wayar salularka da caji.