Mai nazarin harshe da sabbin fasahohin tsara shafukan intanet: a koya ko a dakata?

0. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala ta samo asali ne daga tambayar da wani ɗalibi mai shirin digirin dokta ya yi mana. Ya tattara kalmomin noma da kiwo a yankin Adar, yana son ya ɗora su a intanet a matsayin ƙaramin ƙamus, sai abokansa na fannin kwamfuta suka ce masa ya koyi React, wai shi ake yayi. Shin ya ware watanni daga cikin shekaru 3 na dokta don haka? Amsarmu ita ce a'a, aƙalla ba yanzu ba, kuma za mu kawo dalilai.

1. Daɗewar kayan aiki

Ya kamata a fara rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa: bayanan da aka tattara, da kuma hanyar nuna su ga mai karatu. Tarihi ya nuna cewa ba tsawon rai ɗaya gare su ba. HTML, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar CERN wajen 1990, har yau ana karanta shafukansa na farko. XML kuwa ya zama ƙa'ida a 1998, kuma fayil ɗin da aka rubuta da shi a wannan shekara yana buɗuwa ba tare da wahala ba. Amma dubi Flash: an gina darussan koyon harsuna masu yawa da shi, da sauti da hotuna masu motsi, sai kamfanin Adobe ya daina tallafa masa a ƙarshen 2020, yawancin waɗannan darussa suka daina buɗuwa. AngularJS ma, wanda Google ya fitar a 2010, an sake rubuta shi daga tushe a 2016, har ya zama wanda ya ƙware a tsohon sai ya sake zama ɗan koyo.

React ya fito fili a 2013 daga kamfanin Facebook, kuma ba mu ce zai mutu gobe ba. Sai dai ƙamus aiki ne na tsararraki. Na Bargery ya fito a 1934, kuma har yanzu muna buɗa shi.

2. Abin da React yake yi, da abin da ba ya yi

React tarin kayan aiki ne da aka rubuta da harshen JavaScript. A yadda aka fi amfani da shi, shafin ba ya zuwa a kammale: ana aiko da shirin zuwa wayar mai karatu ko kwamfutarsa, can ne ake harhaɗa abin da zai gani. Wannan yana da amfani ƙwarai idan shafin yana sauyawa a kowane taɓi, misali inda mutane da yawa suke gyara fassara tare, ko inda ake daidaita murya da rubutu daƙiƙa bayan daƙiƙa. Kuɗinsa kuwa shi ne nauyin saukewa, abin da malamin firamare a Tawa ko Tasawa mai sayen intanet kaɗan-kaɗan zai ji a aljihunsa, da kuma ɗimbin ƙananan shirye-shiryen da ya dogara a kansu, waɗanda sai an riƙa sabunta su. A nan ne tambayar da ba a cika yi ba take: idan ɗalibin ya kare kundinsa aka tura shi koyarwa wani gari, wa zai ci gaba da kula da shafin?

Abu mafi muhimmanci a ganinmu shi ne, matsalolin ƙamus na Hausa ba a wannan mataki suke ba. Mu ɗauki jerin baƙaƙe. A tsarin Unicode lambar ƙ ita ce U+0199, ta ɗ U+0257, ta ɓ U+0253, duka suna bayan z. Saboda haka idan aka bar kwamfuta ta jera kalmomi bisa lambobi, ga abin da za a samu:

(1) kafa, zuma, ƙafa

alhali mai ƙamus yana son ƙafa ta zo bayan kalmomin k, kafin na l. Haka nan wajen nema. Mu a Nijar muna rubuta ƴaƴa da ƴ, maƙwabtanmu na Najeriya suna rubuta 'ya'ya. Mai nema daga Kano ba zai sami kalmar ba sai an koya wa shirin cewa su biyun abu ɗaya ne. Wanda kuma ba shi da baƙaƙe masu lanƙwasa a wayarsa zai buga baki, dole a nuna masa baki da baƙi gaba ɗaya, a bar shi ya zaɓa. Ga kuma alamun karin sauti: à tana iya zama harafi guda a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko kuwa a tare da alama dabam, ido yana ganinsu ɗaya, shirin nema yana ganin biyu. Duk waɗannan shawarwari ne na masanin harshe. React ba ya yanke ko ɗaya daga cikinsu, kuma wanda bai warware su ba zai sami kyakkyawan shafi mai ɓatar da kalmomi.

(Waɗanda suka yi aiki kafin Unicode ya yaɗu suna tune da nau'o'in rubutun da ake ɓoye ƙ a gurbin wani harafi. Da nau'in ya ɓace, sai kundi ya cika da alamomi marasa ma'ana.)

3. Yaushe ne koyon ya dace?

Muna da misali a gida. Shirin DiLAF ya ɗauki ƙamusoshin Hausa, Zabarmanci, Barbarci da Tamajak da aka tsara da Word don bugawa, ya mayar da su XML kafin a ɗora su a intanet. Babban aikin shi ne bambance kowane sashe na shigarwa: kalma, ajinta na nahawu, ma'ana, misali, fassarar Faransanci. Da zarar an yi wannan, ana iya sauya hanyar nunawa sau goma, bayanan suna nan.

Abin da muka shawarci ɗalibin ke nan: ya fara da Unicode da XML, ya ƙara HTML da ɗan JavaScript daidai yadda zai iya rubuta akwatin nema, wanda aikin makonni ne. Idan daga baya ya ga yana buƙatar manoma da makiyaya su riƙa saurarar kalmomi suna aiko da gyara ta waya, to buƙata ta kai shi ga React ko abin da ya gaje shi a lokacin, kuma JavaScript ɗin da ya riga ya koya shi ne rabin hanya. Kafin nan, akwai kalmomin da bai riga ya tantance tsawon wasulansu ba, kuma tsofaffin da ya ɗauko su daga bakinsu suna ƙara tsufa.