Shaf ɗin ne jabu, ko ɗaurin ne ba daidai ba?

Daga Ƙofar Ruwa a Kano har Fanteka a Kaduna, ƙorafin masu motoci ɗaya ne: wai sabon shaf na gaba ba ya ƙarko, duk jabu ne, gara a nemi ɗan Beljiyam. Jabun kaya kam suna nan a kasuwa, ba mai musu. Amma da yawa cikin shaf ɗin da ake zagi, a hannun mai ɗauri suka fara mutuwa, tun motar ba ta bar gareji ba.

A motoci irin su Corolla da Accord da Golf, tayoyin gaba ne ke jan mota, su ne kuma ke bin sitiyari. Dole ke nan shaf ya riƙa isar da ƙarfin inji alhali yana lanƙwashe. Abin da ke ba shi wannan dama shi ne kan shaf na wajen taya, wanda galibi ƙwallayen ƙarfe shida ne ke gudu a cikinsa, bisa fasalin da Alfred Rzeppa, injiniya a kamfanin Ford, ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1920. Ran waɗannan ƙwallaye abu biyu ne: giris da robar da ta lulluɓe su.

Nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ci mini rai. Sai ka ga an ajiye kan shaf a ƙasa, cikin turɓaya, an dangwalo giris daga buɗaɗɗen gwangwanin da ake shafa wa komai, an cusa, sannan a ɗaure bakin robar da waya ko tsinken tsohon tif. Giris ɗinsa na musamman ne, baƙi, mai sinadarin molibdenum, kuma robar tana da nata maɗaurin ƙarfe. Da zarar bakin ya saki, giris ya fantsale, ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga. Yashi kuwa in ya gauraya da giris, aikin da yake yi wa ƙarfe bai da bambanci da na yashin da ake darje bayan tukunya. Bayan 'yan watanni sai a ji ƙas-ƙas-ƙas in an karya kwana. In an kai wannan mataki, ƙarin giris rufe bakin ƙarar kawai yake yi. Ƙarfen da ya ci ya riga ya ci.

Sai babban notin tsakiyar taya. "Oga, na ɗaure shi tamau," in ji yaron gareji, bayan ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa. Tamau ba awo ba ne. Corolla ta 2003 zuwa 2008, alal misali, awon nata 216 Nm ne, kuma da sifana mai awo ake samunsa. In ya yi sako-sako ko ya zarce, boris ɗin taya ne zai biya. Haka ma in aka tura mota a kan tayoyinta kafin a ɗaure shi. Bayan ɗauri kuma a daddale bakin notin ko a sa masa fil, gwargwadon ƙirar motar.

Ta ɓangaren giya, a tura shaf a miƙe har zoben da ke bakinsa ya kama, a kula kada haƙoransa su yage sil, a kuma cike man giyar da ya zube. Mai mota ya tsaya a jera sabon da tsohon a gabansa: tsawo, yawan haƙora, da zoben ABS, domin na hagu da na dama ma ba tsawonsu ɗaya ba a yawancin waɗannan motoci.

Jami'an da ke tare mu a hanya sun fi damuwa da takardu. Da za su riƙa sunkuyawa su leƙa bayan taya, musamman a motocin haya, da sun ga giris ya yi baƙi ƙirin a cikin rim, alamar robar ta daɗe da fashewa, motar kuma cike da fasinja za ta kama hanyar Zariya.