Takardun Kasuwanci da Lokacin Nemansu a Ƙasar Adar

A gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, kasuwanci yana bin sawun noma da ci-rani, domin kuɗi suna shiga hannun jama'a ne lokacin da aka kwashe albasa a fadamun Tarka da Maggiya, ko kuma lokacin da 'yan bida suka dawo daga Abijan, Legas ko Libiya da ɗan abin da suka tara. Saboda haka mutumin garin Allakaye da ya yi niyyar buɗe shago ko kafa injin niƙa ba shi da zaɓi mai faɗi game da ranar farawa, kuma daga wannan rana ce ya kamata ya yi lissafin takardunsa, yana komawa baya wata bayan wata.

Dokar da ke tafiyar da rajistar 'yan kasuwa a Nijar ita ce ta OHADA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka 17 da suka daidaita dokokin kasuwancinsu bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993. Dokar ta wajabta wa ɗan kasuwa ya nemi shiga kundin rajistar kasuwanci, wanda ake kira RCCM, cikin watan farko na fara aikinsa. Sai dai wannan wata guda iyaka ce ta ƙarshe, kuma mai hankali ba ya jira sai ta matso, domin banki ba ya buɗe asusu da sunan kamfani, haka ma ma'aikatu da ƙungiyoyin raya karkara ba sa ba da kwangila, sai sun ga lambar rajista tare da NIF, wato lambar da hukumar haraji take ba kowane mai biyan lamho.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne kowace takarda a kan wata take tsaye. Rajista tana buƙatar shaidar ko wane ne mutum, ita kuwa shaidar tana komawa ga takardar haihuwa, alhali a karkara akwai magidanta da yawa waɗanda ba a rubuta haihuwarsu ba, sai sun je kotu da shaidu an yi musu hukuncin da ke maye gurbinta. Wannan mataki ne ya cancanci a fara da shi tun da kaka, kafin hidimar lambu ta riƙe mutum a bakin rijiya. Takardar da ke nuna ba a taɓa hukunta mutum ba kuwa gajeren rai gare ta, don haka ita ake bari zuwa ƙarshe, kuma dokar ta amince a fara da rubutacciyar shaidar mai nema, sannan ya kawo ainihin takardar daga kotu cikin kwana 75 bayan rajista.

Domin rage zirga-zirga tsakanin ofisoshi aka kafa Maison de l'Entreprise a ƙarƙashin majalisar 'yan kasuwa ta ƙasa, inda ake haɗa rajista, lambar haraji da shiga asusun CNSS mai kula da fansho da haɗurran aiki a wuri guda. Gyaran da aka yi wa dokokin OHADA a 2010 ya kuma sauƙaƙa wa ƙananan masu sana'a, waɗanda sanarwa kawai ake nema daga gare su, sannan ya ba manoma biyar damar kafa ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa, abin da ya dace da masu son adana albasa a rudu har farashi ya tashi.

Akwai kuma sana'o'in da rajista kaɗai ba ta halatta su, kamar sayar da magunguna, maganin ƙwari, ko buɗe makarantar kuɗi, waɗanda sai da izinin ma'aikatar da abin ya shafa, kuma irin wannan izini yakan bi matakai daga gunduma zuwa Tawa, wani lokaci har Yamai. A nan ne ake tafka babbar asara, idan mutum ya kama hayar ɗaki ya saro kaya kafin izini ya fito, sai haya ta yi ta ci, magani kuma yana matsowa ga ranar lalacewarsa a bayan rufaffiyar ƙofa. Jarin da aka tara da gumin shekaru a ƙasar wasu ya fi ƙarfin a bar shi ya narke haka, don haka izini mai nisan tafiya shi ake turawa gaba, a tsayar da ranar biyan haya da saro kaya sai bayan ya shigo hannu.