Yadda Gubar Tsofaffin Batura Ke Bi Ta Taki Ta Shiga Kayan Lambu

Mataccen batir ko allon tsohuwar waya da aka jefa a kwata ba ya ɓacewa. Sannu a hankali yana ruɓewa, ƙarafa masu guba da ke cikinsa su kwanta a baƙar lakar da ke taruwa a magudanar ruwa. Manoman bakin gari kuwa suna son irin wannan laka da sharar bola, domin suna ƙara wa ƙasa ƙarfi kuma sun fi takin zamani araha.

Daga ina gubar take?

Ana samun dalma a batirin mota da na inbata, da kuma likin allunan tsofaffin na'urori. Kadmiyam yana cikin wasu tsofaffin batura masu caji. A Kano akwai ƙarin kuromiyam daga kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa. Kashin dabbobi yana ruɓewa ya ƙare, amma waɗannan ƙarafa sukan yi shekaru aru-aru a gona.

Ta yaya shuka ke ɗauka?

Saiwa tana zuƙo su tare da ruwa. Kadmiyam ya fi saurin hawa zuwa ganye, shi ya sa latas da alayyafo suka fi tara shi a kan ƙwayar masara. Dalma yawanci tana maƙalewa a saiwa, ko ta zauna a kan ganye da ƙura. Ƙasa mai tsami tana ƙara saurin ɗaukar, zuba farar ƙasa kuma yana rage shi.

Mece ce illar?

Ganyen na iya yin kore shar alhali yana ɗauke da guba. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda tsawon shekaru, yana kuma raunana ƙashi. Hakan ya faru a yankin Toyama na Japan, inda shinkafar da aka yi wa ban-ruwa da gurɓataccen kogi ta jawo cutar itai-itai. Dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yara.

Me ya kamata a yi?

Wanki yana cire ƙurar da ke saman ganye, amma ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga ciki, haka ma dafuwa. Gwajin ƙasa ne kaɗai ke nuna gaskiya, a ɗakin bincike ko da na'urar hannu ta XRF. Mafi sauƙi ga mai waya shi ne ya ware matattun batura da caja, kada su shiga kwata ko bolar da manoma ke kwashewa.