Daga ƙwarya zuwa wayar salula: Yadda waƙa ke ɗaga darajar mata a yankinmu

Idan aka yi maganar waƙoƙin da ke yabon baƙar mace, da yawa hankalinsu kan tafi Amurka, musamman tun bayan da Beyoncé da Wizkid suka fitar da "Brown Skin Girl" a 2019. Sai dai duk wanda ya saba halartar biki ko suna a Gumani da sauran unguwannin Tamale ya san cewa matan yankin nan sun daɗe da nasu dandali. A rawar Tora ta Dagomba, mata ne ke riƙe da fili. A ƙasar Hausa kuma akwai amada.

Mene ne amada?

Amada waƙar mata ce da ake yi da kiɗan ƙwarya. Ana kife ƙwarya, wata a ƙasa, wata a cikin ruwa, a riƙa buga ta, zabiya na bayarwa 'yan amshi na karɓa. Da yake a cikin gida ake yin ta a tsakanin mata, ta zama wurin da suke faɗin abin da ba su iya faɗa a gaban maza: wahalar naƙuda, zaman kishi, da halin miji marowaci.

Babu wadda ta fito da amada fili kamar Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa a jihar Katsina, wadda ta rasu a 2013. Ɗaya daga cikin waƙoƙinta da suka fi shahara kira ce ga mata su kama sana'a, ko da ta cikin gida ce, don kada su zauna jiran hannun wani. Ta kuma yi wa mace mai haihuwa kirari irin wanda aka saba yi wa jarumai. Ba duka waƙoƙinta ne ke haɗa kan mata ba, domin akwai na habaici ga kishiya, kuma wasu malamai sun soke ta da sakin baki. Duk da haka, ita ce ta nuna cewa abin da ke damun matar kulle ya isa a rera shi a rediyo.

Tun kafin ita, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi amfani da rubutacciyar waƙa wajen karantar da matan karkara ta hannun 'Yan Taru.

A ƙasashen Faransanci fa?

A Mali, Oumou Sangaré ta naɗi faifanta na farko a Abidjan a 1989, ta sa masa suna "Moussolou", wato "mata" da Bambaranci. Ta yi suna ne wajen sukar auren dole da neman a bar yarinya ta zaɓi mijinta. Angélique Kidjo ta Benin ba ta tsaya ga waƙa ba, ta kafa gidauniyar Batonga a 2006 don ilimin 'yan mata. Ƙungiyar Les Amazones d'Afrique, wadda aka haɗa a Bamako, ta fitar da faifan "République Amazone" a 2017 kan yaƙi da cin zarafin mata. A Nijar kuwa, Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad ta ɗauki jita, wadda a tsakanin Abzinawa aka saba gani a hannun maza.

Me ya sa abin ya shafi arewacin Ghana?

Dalili na farko shi ne auren wuri. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, amma a arewa ne matsalar ta fi ƙamari. Wiyaala, 'yar garin Funsi da ke rera waƙa da Sisala da Waale da Turanci, na cikin masu yaƙi da wannan al'ada.

Na biyu shi ne kayaye, wato 'yan matan arewa da ke tafiya Accra da Kumasi suna dakon kaya a kasuwanni. Saƙon da Barmani ta daɗe tana yi, cewa mutuncin mace yana tare da sana'arta, su ne suka fi buƙatar a cika shi da jari da makaranta a gida.

Na uku shi ne bilicin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta hana man shafawa mai sinadarin hydroquinone a 2016, shekara guda bayan Côte d'Ivoire ta ɗauki irin wannan mataki. Doka na iya hana sayar da man, amma ba ta iya cire wa yarinya tunanin cewa sai fara ce kyakkyawa. Nan ne waƙar da ke yabon baƙa da wankan tarwaɗa take da aiki.

Tarihin yankin ma bai rasa waɗanda za a yi wa kirari ba. A Dagbon akwai sarautar Gundo Naa, wadda 'yar Yaa Naa ce ke riƙe ta. Gimbiya Yennenga, da Mosawa ke ɗauka a matsayin kakarsu, daga arewacin Ghana ta fito, kuma sunanta ne ke kan babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu.

Ina gizo ke saƙa?

Waƙa ba ta biyan kuɗin makaranta. Su kansu mawaƙan mata har yanzu wasu na yi musu kallon marasa kamun kai, kuma yawancin masu ɗakunan naɗar waƙa da masu shirya wasanni maza ne. Ga shi kuma a yanzu waƙa na yawo daga waya zuwa waya, masu ita ba su ganin ko kwabo.

Saboda haka masu sauraro ma suna da nasu aikin: a gayyaci mawaƙiya biki a biya ta hakkinta, gidajen rediyon Tamale su ba waƙoƙin mata lokaci, a kuma naɗi tsofaffin zabiyoyi tun suna raye.